Fumfuna a Fatar Dabbar Teku

Aikin farko da na samu a Paris shi ne wankin kwalabe. Daga Damagaram na zo, a farkon shekarun dubu biyu, da takardar shaidar karatun aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, wadda a nan ba ta da amfani sai an ɗora wani karatun a kanta. Na sauka wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, a Montreuil, cikin ɗaya daga gidajen nan na ma'aikata baƙi. Shi ya fi shekara ashirin a ƙasar, yana girki a wata makarantar yara. Ɗakinsa gado biyu ne da tebur da ƙaramin firigo. Ranar da na iso ya nuna mini inda zan riƙa ajiye takalmana da inda alƙibla take, ya ce sauran zan koya da kaina.

Wani abokinsa ne ya ji ana neman mai wanke kayan aiki a wani ƙaramin labo, ya kai ni. Da safe in shiga metro layi na tara, in sauya jirgi sau ɗaya, in sauka in taka kaɗan. Da yamma in wuce makaranta.

Labon nan aikinsa ɗaya ne, binciken cututtukan da fumfuna ke kawowa. Fumfunar da kowa ya sani, wadda ke fitowa a kan tuwo in ya kwana uku, tana da dangi masu yawa, kuma wasunsu a jikin mai rai suke zama. Makero da ke cin kan yara da ƙyasbi da ke fitowa a wuya duk aikinsu ne. Asibitoci da likitocin dabbobi su aiko mana ɗan kankaren fata ko gashi ko majina, mu shafa a kan wani faifai mai murfi da aka zuba wa abinci mai kama da daskararren kunu, mu sa a akwatin ɗumi, mu jira. Bayan kwanaki abin da ke ciki zai tsiro, fari ko kore ko baƙi. Sai a ɗibi kaɗan a duba a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, a faɗi sunansa da maganin da zai ji.

Shugabar wurin wata Bafaranshiya ce gajeriya, gashinta duk ya yi fari, Madam kawai muke ce mata. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta gaisuwa irin tamu. Na daɗe ina zaton ba ta san da zamana ba. Wata rana ta same ni na tsaya ina kallon faifan da aka tara za a kai ƙonawa, ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta wajen hasken taga. Ta tambaye ni wanne ne ya bambanta da sauran. Na nuna mata. Ba ta ce na yi daidai ba, sai ta jawo kujera kusa da madubinta ta ce in zauna. Daga ranar, in na gama wanki, takan ba ni rabin awa. Da na samu takardar karatuna ta nan, ita ta nema mini matsayin ma'aikacin labo, aka ɗauki wani a wankin kwalabe.

A shekarata ta biyu a sabon matsayin, cikin kaka, aka kawo wani akwatin ƙanƙara daga arewa, daga gaɓar teku wajen bakin kogin Somme. Takardar da ke ciki ta ce daga wata cibiya ce mai kula da dabbobin teku da aka tsinta ba su da lafiya, kuma kankaren fatar wata dabba ce da Faransawa ke kira fok. Na san kalmar a littafi, amma ban taɓa ganin mai sunan ba. Sun ce ƙarama ce, mace, an same ta a kan yashi ta rame, da miyaku a wuya da gefen hannunta. Sun yi mata maganin ƙwayoyin cuta na yau da kullum, sauran jikinta ya murmure, miyakun kuwa sai faɗi suke. Madam ta miƙo mini kwalbar da kankaren ke ciki ta ce aikin nawa ne.

Da na koma gida na ba kawu labari muna cin abinci. Akwai wani dattijo ɗan Garwa ta Kamaru a ɗakin da ke kallon namu, muna kiransa Malam, da Hausa muke magana da shi, kuma yakan shigo ya ci tare da mu. Na kwatanta musu dabbar yadda na gani a hoto: jiki sumul kamar salkar ruwa, kai kamar na kare marar kunne, gashin baki, hannuwa gajeru masu faɗi. Malam ya ce ai wannan ayu ne, ya san shi tun yana yaro a kogin Binuwai. Na ce ayu ciyawa yake ci, wannan kifi take ci, kuma takan hau tudu ta kwanta. Bai yarda ba, har ya bar gidan bai yarda ba. Kawu kuwa wani abu ne ya dame shi. Yana so ya san in dabbar ta mutu aka aiko mini namanta, ko zan iya salla da kayan da na taɓa shi. Malam ya ajiye cokali ya ce abin da ke rayuwa a ruwa ko ya mutu mai tsarki ne, haka ya karanta. Na ce ban da haka ma da safar hannu nake aiki, da farar riga da nake bari a can. Kawu ya ce to, ya ci gaba da cin abincinsa.

Kwanakin farko ba abin da ya tsiro sai irin ƙananan abubuwan da ake samu a kowace fata. Na kusa rubuta cewa ba fumfuna ba ce. Sai a cikin mako na biyu na ga wani ɗigo a faifan da na ajiye a wuri mai ɗan sanyi, baƙi-baƙi da ruwan kore, yana da laushi a ido kamar gashin ɗan tsako. Faifan da ke cikin ɗumi sosai ba komai. Irin wannan baƙar fumfunar tana yawo a iska da ƙasa, kuma in ta fito a faifai, abin da ake fara zargi shi ne hannun mai aikin. Na yi kwana biyu ina buɗe akwatin ina rufewa kafin na ɗauka na kai wa Madam, na ce mata ina jin na ɓata samfurin.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce mai yiwuwa ne na ɓata, mai yiwuwa ne kuma ban ɓata ba, hanyar sani ɗaya ce. Ta sa na kira cibiyar na roƙi sabon kankare daga miki biyu daban, da ɗan yankan fata daga bakin mikin. Wannan karon ta tsaya a bayana har na gama shafawa. Bayan kwana goma sha wani abu, ɗigon ya sake fitowa, a faifai duka biyun. Yankan fatar kuma da aka rina aka duba, ga zaren fumfunar nan a cikin naman kansa, ba a sama ba.

Madam ta sauko da littattafai uku daga kanta, ta yini tana dubawa tana komawa madubi. Da yamma ta kira ni ta ce: "Na san danginta. Na gan su a ƙasa da ruɓaɓɓen itace, na taɓa ganin ɗaya a ƙafar wani manomi. A dabbar teku ban taɓa gani ba, kuma sunanta na ainihi ban sani ba." Ban taɓa jin babban mutum ya ce bai sani ba cikin kwanciyar hankali irin haka ba. Ta aika wani ɓangare ga abokan aikinta masu na'urar tantance asalin halitta, ni kuma ta sa na gwada magunguna a kan faifai, in ga wanne ke hana ta yaɗuwa. Biyu suka yi aiki. Muka sanar da likitan cibiyar, suka fara cusa ƙwayar maganin a cikin kifi suna ba ta.

Bayan kamar wata ɗaya matar da ke shugabantar masu kula da dabbobin ta bugo waya, ta ce suna son a sake ɗaukar kankare a ga ko maganin na ci, kuma in wani daga cikinmu zai zo da kansa zai fi. Madam ta ce gwiwoyinta ba sa son sanyin gaɓa, ni zan je.

Na hau jirgin ƙasa da sassafe. Teku na taɓa ganinta ta tagar jirgin sama kawai. Matar ta tarye ni a tasha da wata tsohuwar mota mai warin kifi, doguwa ce jajir da ita saboda iska, ta dubi takalmana ta yi dariya, ta ciro mini dogayen takalman roba daga baya. Cibiyar ƙaramin gini ne da 'yan tafkunan siminti a bayansa. Ƙarnin kifi ya cika ko'ina. Ta kai ni tafki na ƙarshe, wanda aka keɓe.

Dabbar tana kwance a bakin ruwa, ta ɗago kai da bindi lokaci ɗaya kamar ayaba. Ba ta kai tsawon yaro ɗan shekara shida ba. Launinta toka ne da ɗigo-ɗigo, idanunta manya baƙaƙe, jiƙaƙƙu. Na yi wata biyu ina kallon abin da ke cin fatarta, na san shi ciki da waje, amma ita ban yi zaton za ta kalle ni haka ba, ta ƙura mini ido tana hura hanci. Matar ta gargaɗe ni kada fuskar ta yaudare ni, tana cizo, kuma cizonta yana ruɓa. Ita da wani ma'aikaci suka rufa mata tawul a kai, shi ya danne ta tsakanin gwiwoyinsa, ni na durƙusa da 'yar wuƙar kankara. Jikinta da ɗumi, abin da ban yi tsammani ba, kuma ina jin numfashinta a ƙarƙashin tafin hannuna. Mikin wuyan ya fara bushewa daga gefe, gashi ƙanana sun soma fitowa. Na gama, suka sake ta, ta sulale cikin ruwa ba ko ƙara.

Na yi azahar a ɗakin ajiya, tsakanin firigon kifi da buhunan gishiri. Da na fito matar ta ce ruwa ya janye, in zo ta nuna mini sauran 'yan'uwan dabbar. Muka taka cikin laka har wani tudu, ta ba ni madubin hangen nesa. Can nesa a kan tudun yashi ga su nan zube, sun fi in ƙirga, wasu na barci, wasu na sosa ciki. Ta ce kusa da haka ba a zuwa, in suka tsorata suka faɗa ruwa uwa takan rabu da ɗanta. Iskar tana ratsa rigata, hancina na zuba, amma sai da ta taɓa kafaɗata ta ce jirgina zai tafi sannan na sauke madubin.

Kankaren da na kawo ya tsirar da ɗigo ɗaya tak, ƙarami. Na bayansa bai tsirar da komai ba. Da hunturu ya wuce aka kai ta gaɓa a cikin akwati aka buɗe. Ranar ina aiki, ban je ba. Sun aiko mana hoto, ana ganin bayanta kawai tana jan ciki zuwa ruwa. Madam ta manna shi a jikin akwatin ɗumi.

Ba duka ke ƙarewa haka ba. Fok ɗin da aka aiko mana samfurinsa a shekarar da ta biyo baya namiji ne, kuma kafin faifansa ya nuna komai aka bugo aka ce ya mutu. Da aka buɗe shi, fumfunar ta riga ta shiga huhu. Daga nan akwatunan gaɓa suka riƙa zuwa jefi-jefi, tun da an ji muna dubawa. Wasu na fok, wasu na dangin dofan, dabbar nan mai siffar babban kifi amma mai shaƙar iska, da ruwa ya turo matattu. A labo aka riƙa gardama lokacin shan kofi. Wasu su ce cuta ce sabuwa, ruwa ne ke ƙara ɗumi, ko ƙazantar da koguna ke kwasowa daga gonaki da birane ce ke raunana dabbobin. Wasu su ce tun da can tana nan, masu dubawa ne babu. In an tambayi Madam sai ta ce faifai goma ba sa isa a yanke wa teku hukunci, a ci gaba da rubutawa da kyau don na baya su samu abin kwatantawa. Ni ma a nan na tsaya, ko da yake a raina ina jin duka biyun akwai gaskiya a ciki.

Cikin waɗannan shekarun na yi aure. Matata a Saint-Denis aka haife ta, iyayenta mutanen Maraɗi ne, tana aiki a ɗakin sayar da magani. Hausarta rabi Faransanci ce, kuma in na gyara mata sai ta gyara mini nawa Faransancin, mu tashi ba wanda ya ci. Da Madam ta yi ritaya aka haɗe labonmu da wani babba, aikin dabbobi ya fita daga cikinsa. Ita ce ta rubuta wa wani tsohon ɗalibinta a Lyon, mai labon likitancin dabbobi, ta ce akwai wanda ya iya jira. Haka ta gaya mini ta rubuta. Muka tattara muka koma da 'yarmu ta fari tana goye.

Lyon ba teku, koguna biyu ne suka haɗu a cikinta. Mun samu gida a hawa na huɗu, da taga mai kallon tudu, kasuwa kuma tana ci a ƙasanmu sau biyu a mako. Yawancin aikina a can makeron kyanwa ne da na kare da na maruƙa, wani lokaci kunnen zomo ko huhun aku. Ina son aikin. Da safe in buɗe akwatin ɗumi in fito da faifan jiya da na makon jiya, in jera su a tebur, in ga wa ya tsiro wa bai tsiro ba. Amma in akwati ya zo daga gaɓa, ta kudu ko ta arewa, ba a ma tambaya, teburina ake kawo shi. A shekara bai fi 'yan kaɗan ba. Na buɗe musu littafi na daban, ina rubuta inda aka tsinci dabbar, da yanayin jikinta, da abin da ya fito, da abin da bai fito ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai huhun wata dofan ce daga tekun kudu. Na yi tsammanin wani baƙon abu, sai ga koriyar fumfuna ta tsiro cikin kwana biyu, irin wadda ke cikin ƙurar rumbu da tarin taki, wadda kowannenmu ke shaƙa kullum ba ta yi masa komai. Dabbar da ba ta taɓa taka ƙasa ba, ta ɗago kai ta ja numfashi ta shaƙe ta, kuma jikinta ya riga ya yi raunin da ba zai iya korarta ba. Me ya raunana ta, wannan faifaina ba ya faɗa.

A lokacin ne kawu ya gama aiki, ya yanke shawarar komawa Damagaram gaba ɗaya. Kafin ya tafi ya zo mana Lyon ya yi kwana huɗu. Ya tsufa, yana hawa matakalarmu yana hutawa a kowane hawa. Matata ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka, ya ce gishiri ya yi daidai, wanda a wurinsa babban yabo ne. Yaran, don sun zama biyu, suka yini a jikinsa suna yi masa Faransanci yana ba su amsa da Hausa.

Ran Asabar da hantsi ya ce: "Ɗana, shekara nawa kana ba ni labarin abin nan. Kai ni in gan shi kafin in tafi."

Na nemi izini a waya, muka hau bas. Ba kowa a labon sai mai gadi. Na sa masa farar riga a kan babbar rigarsa, hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba. Ban buɗe faifai a gabansa ba, na ɗauko gilashin da na riga na rina na rufe daga huhun dofan ɗin, na saita madubi, na nuna masa yadda zai sa ido. Ya cire hula, ya cire tabarau, ya sunkuya. Da farko ya ce duhu kawai yake gani. Na ɗan gyara masa saitin madubin, sai ya ƙara manna ido.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, bai ɗago ba: "Wannan ai gona ce. Ga kara, ga zangarniya, har ta yi ido."

Na ce haka take, Kawu, ƙwayoyin da ke kan zangarniyar su ne irinta, su iska ke ɗauka. Ya tambaya ko wannan ɗan abin ne ya kashe dabba mai girman saniya. Na ce shi ne ya ƙarasa ta. Ya ɗago ya mayar da tabarau, ya yi tasbihi a hankali, ya zauna a kujerata yana kallon faifan da ke jere ta gilashin akwati. Ya tambaye ni ko ana cutar da ni a wurin, na ce a'a. Ya tambaya ko ina gajiya da zaman jiran, na ce ban taɓa gajiya ba. Ya ce to madalla, ya miƙa mini hannu in cire masa rigar.

Da muka fito bai so mu hau bas nan da nan ba. Muka bi bakin kogi a ƙafa, a hankali, yana tsayawa yana kallon masu tuƙa ƙananan jirage. Ya ba ni saƙon abubuwan da zan aika masa in ya isa, man zafi na gwiwa da irin shayin da ya saba. Muka tsaya wurin wani Balarabe ya sayi dabino da zai kai wa yaran, ya ɗanɗana ɗaya ya ce bai kai na gida ba, amma ya sa aka ƙara masa. Muka isa gida ana shirin zuba abincin rana.